Sharhi: Gajiyar da ke raba mata da maganin sankarar mama

A duk watan Oktoba, manyan biranen ƙasar nan kan cika da tattaki da jawabai da riguna masu launin ruwan hoda, domin tunatar da mata muhimmancin duba mamansu da hanzarta zuwa asibiti da zarar sun ji wani ƙullutu. Saƙo ne mai kyau, kuma har gobe ana buƙatarsa. Sai dai kusan duk maganar takan tsaya ne a bakin ƙofar asibiti. Abin da ke samun macen da ta amsa kiran, aka yi mata gwaji, aka tabbatar da cutar, aka ɗora ta a kan magani na tsawon watanni, ba kasafai ake jin sa a wajen taro ba. Alhali a waɗannan watannin ne ake yin nasara ko a yi asara.

Alƙaluman cibiyar binciken cutar daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya sun ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mata sama da 32,000 ne suka kamu da sankarar mama a Najeriya, sama da 16,000 kuma suka rasu sanadiyyarta. Ita ce kan gaba a cikin dukkan nau'o'in cutar daji a ƙasar. Ke nan, a duk sabbin majinyata biyu da aka samu a shekara, ana binne mace ɗaya. A Amurka, lissafin bai wuce ɗaya cikin shida ba. An saba ɗora laifin wannan tazara a kan makara wajen zuwa asibiti, kuma gaskiya ne galibin matanmu sai cutar ta yi nisa suke isa gaban likita. Amma makara ba ita kaɗai ba ce.

Lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirinta na yaƙi da sankarar mama a 2021, ta kafa shi a kan ginshiƙai uku: a riƙa gano aƙalla kashi 60 cikin 100 na masu cutar tun tana matakin farko ko na biyu, a kammala gwaje-gwajen tabbatar da ita cikin kwana 60, sannan aƙalla kashi 80 cikin 100 na majinyata su kai ƙarshen maganin da aka tsara musu ba tare da sun watsar ba. Ginshiƙi na ukun shi ne wanda ba ya samun tattaki ko riga. Duk wanda ya san sashen masu cutar daji a asibitocin koyarwa ya san labarin katin da ake buɗewa, a rubuta zagaye na ɗaya da na biyu da na uku, daga nan shiru, sai bayan watanni a dawo da mai katin a ranga-ranga. Rashin kuɗi ne babban dalili. Akwai tsoron yanke mama, akwai kuma masu maganin gargajiya da masu addu'a da ke alƙawarin waraka cikin mako guda. A tsakiyar waɗannan duka akwai wani dalili da ke ƙarfafa kowannensu, wanda ba a cika ambaton sunansa ba, shi ne matsananciyar gajiya da mutuwar jiki da maganin ke haddasawa.

Maganin da ake magana a kai shi ne kemoterafi, wanda majinyata ke taƙaitawa su ce kemo: magunguna masu ƙarfi da ake ɗurawa ta jijiya kamar ƙarin ruwa. Ga mai sankarar mama, tsarin da aka fi bi shi ne zagaye shida zuwa takwas, ana ba da tazarar mako uku tsakanin kowane biyu, abin da ke nufin wata huɗu zuwa shida. Sau da yawa akan fara da haɗin doxorubicin da cyclophosphamide, daga baya a koma paclitaxel ko docetaxel. Na farkon shi ne jan maganin nan da ke sa fitsari ya yi ja na kwana ɗaya ko biyu, har wasu su firgita su ɗauka jini ne. Mata kan shiga wannan magani da fargabar amai da zubewar gashin kai. Amma abin da akasarinsu ke kokawa da shi daga baya, wanda kuma ya fi daɗewa tare da su, shi ne gajiya.

Kalmar ma ta yi wa abin kaɗan. Gajiyar da kowa ya sani tana da sanadi, tana kuma da magani: mutum ya yi noma ko tafiya, ya kwanta ya yi barci, ya tashi garau. Wannan kuwa ba ta daidai da aikin da aka yi, barci kuma ba ya kawar da ita. Mace kan farka da safe kamar wadda ta kwana tana daka. Wanka kan zame mata aikin da sai ta huta a tsakiyarsa. Takan ɗauki cokali ta ajiye. Har tunani yakan yi nauyi: ta manta abin da ta shigo ɗauka a ɗaki, lissafin cinikin da take yi da ka shekara ashirin ya gagare ta. Likitocin cutar daji na ɗaukar wannan a matsayin larura mai zaman kanta da ake aunawa, a nemi musabbabinta, a yi mata magani.

A nan ne harshe da tarbiyya ke yi wa majinyaciya cikas. A ƙasar Hausa gajiya gaisuwa ce, amsarta kuma a shirye take: ina gajiya, ba gajiya. Haka idan aka tambayi mara lafiya yaya jiki, amsa ɗaya ce, da sauƙi, ko da kuwa sai an tallafe shi yake iya zama. Ladabi ne mai kyau a zaure da tsakar gida, amma a ɗakin likita yana rufe bayanin da ake buƙata. Likitan da ke da majinyata hamsin a layi, in ya ce “Hajiya, yaya ƙarfin jiki?” aka ce masa “Alhamdu lillahi, likita, da sauƙi,” zai rubuta cewa komai lafiya, ya kira na gaba. An horar da 'ya mace tun tana ƙarama cewa raki abin kunya ne, dauriya kuma ado. Wadda ta haihu ba ta yi kuka ba, da wane baki za ta ce ta kasa ɗaga buta? Ga Bahaushiyar da ke jinya a Legas ko Ibadan ko Inugu, inda zancen ke bi ta bakin tafinta, wanda sau da yawa mijinta ne ko ɗanta, abin da ke isa kunnen likita ya ƙara raguwa.

Saboda irin wannan ne ƙa'idojin kula da masu cutar daji suka tanadi wata tambaya mai sauƙi da za a riƙa yi a kowace ziyara: daga sifili zuwa goma, nawa za ki ba gajiyarki a makon nan? Ɗaya zuwa uku mai sauƙi ce, huɗu zuwa shida matsakaiciya, bakwai zuwa sama mai tsanani. Daga huɗu zuwa sama, ana so a tsaya a bincika. Ga wadda lamba ba ta yi mata ma'ana, sai a tambaye ta aiki: kina iya wanka da kanki? Kina iya sallah a tsaye? Rabin yini kike yi a kwance ko fiye? Tambayar ba ta cin ko sisi, ba ta buƙatar na'ura ko wutar lantarki, ma'aikaciyar jinya ma na iya yin ta tun a layi.

Dalilin binciken shi ne, gajiyar ba daga tushe ɗaya take fitowa ba, kuma wasu daga cikin tushen nata suna da magani. Kemo na kai hari ne ga ƙwayoyin halitta masu saurin hayayyafa. Ƙwayoyin daji na cikinsu, amma haka ma na ɓargo, inda ake ƙera jini, da na fatar cikin baki da hanji, da na tushen gashi. Fararen ƙwayoyin jini, masu yaƙi da cuta, gajeren rai gare su, don haka sukan faɗi da wuri, galibi tsakanin kwana na bakwai da na goma sha huɗu bayan an sa magani, sannan su farfaɗo kafin zagaye na gaba. Jajayen ƙwayoyin jini, masu ɗaukar iskar oksijin, sukan rayu kimanin kwana 120, saboda haka ƙarancinsu a hankali yake taruwa. Wannan na daga cikin abin da ya sa mace kan ɗauki zagayen farko da ƙarfinta, har dangi su ce ashe abin bai kai yadda ake faɗa ba, amma zuwa na huɗu ko na biyar ta galabaita. Ban da haka, jiki kan saki sinadaran kumburi irin waɗanda ke sa mai zazzaɓi jin kasala da ciwon gaɓɓai. Maganin dexamethasone da ake haɗawa don hana amai kan hana barci na kwanaki, ya kuma ɗaga sukarin jini, in an daina shi sai jiki ya saki. Ga ciwon baki da ke hana cin abinci, ga gudawa da amai da ke ƙarar da ruwan jiki, ga ɗaukewar al'ada kafin lokaci da ke zuwa da zufa da zafin jiki cikin dare. Sannan ga damuwa, wadda ita kaɗai ta isa ta kwantar da mai lafiya.

Matsalar jini ta fi tsanani a nan gida, domin mata da yawa da ƙarancinsa suke shiga maganin tun farko. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya 'yan shekara 15 zuwa 49 na da ƙarancin jini. Haihuwa kusa da kusa, zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin abinci mai gina jiki sun riga sun ci rabonsu kafin kemo ya zo ya ɗauki nasa. Abin da iyali suka fi yi a nan shi ne sayen kwalaben maganin ƙarin jini daga kemis. Amma sinadarin ƙarfe na amfani ne kawai idan rashinsa ne ya jawo matsalar. Idan ɓargo ne maganin ya danne, kwalba goma ba za ta ɗaga shi ba. Gwajin jini ne ke bambance su. Idan jinin ya yi ƙasa sosai, ƙarin jini ake yi, kuma a mafi yawan asibitocinmu sai dangi sun kawo wanda zai bayar. Iyalin da suka san haka tun ranar farko za su iya tanadar mutum biyu ko uku da za a kira, maimakon a shiga neman mai bayarwa da tsakar dare.

Akwai kuma inda gajiya ke zama alamar haɗari, kuma wannan shi ne bayanin da bai kamata wata majinyaciya ta bar asibiti ba tare da an faɗa mata shi da harshenta ba. Idan zafin jiki ya kai digiri 38 a kan ma'auni, ko aka ga rawar sanyi, musamman a mako na biyu bayan magani, lamari ne na gaggawa. A lokacin fararen ƙwayoyin jini sun yi ƙasa, ƙwayar cutar da mai lafiya zai kakkaɓe cikin kwana biyu na iya shiga jini ta yi kisa cikin sa'o'i. Ƙa'idar likitoci ita ce a fara ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya cikin sa'a guda da isowa asibiti. A ƙasar da duk zazzaɓi sunansa maleriya, al'adar ita ce a aika yaro kemis ya karɓo maganin maleriya da farasitamol, a jira a gani. Farasitamol zai sauke zafin, ya ɓoye alamar, cutar kuma ta ci gaba da aikinta. Maleriyar ma tana iya kasancewa, amma a asibiti za a tantance. Haka nan numfashi sama-sama, ciwon ƙirji, bugun zuciya da sauri, jiri har da faɗuwa, ruɗewa, zubar jini, kumburin ƙafa, ko aman da ya hana ruwa zama a ciki yini guda, duk ba na jiran ranar ganin likita ba ne. Doxorubicin na iya raunana tsokar zuciya, shi ya sa ake duba zuciya kafin a fara shi. Ma'aunin zafin jiki, wanda kuɗinsa bai kai na kwalbar maganin ƙarin jini ba, ya fi ta amfani a ɗakin mai karɓar kemo.

Wani zai ce, idan maganin na jigata mace haka, me zai hana ta huta wata ɗaya ko biyu, in ta murmure ta ci gaba? Haka iyalai da yawa ke yanke shawara, cikin tausayi. Amsar tana cikin wani bincike da ya daɗe. Likitan nan ɗan Italiya, Gianni Bonadonna, da abokan aikinsa a birnin Milan sun bi diddigin matan da aka ba kemo bayan tiyatar mama har tsawon shekara ashirin, suka wallafa sakamakon a 1995. Waɗanda suka karɓi aƙalla kashi 85 cikin 100 na adadin maganin da aka tsara musu su ne suka fi tsira. Waɗanda aka rage wa da yawa, amfanin da suka samu ya ragu matuƙa. Tazarar mako uku ba don jin daɗin asibiti aka sa ta ba. Lokaci ne da ya isa ɓargo ya farfaɗo, bai kuma isa ƙwayoyin daji su gama murmurewa ba. Likita na iya ɗage zagaye da 'yan kwanaki ko ya rage adadin magani idan jini ya yi ƙasa, ko ya rubuta allurar filgrastim mai ƙarfafa fararen ƙwayoyin jini, amma shawara ce da ake yankewa da sakamakon gwaji a hannu. Hutun da aka yanke a tsakar gida, daji ne ke cin moriyarsa.

To, bayan an gyara jini, an magance ciwo da amai da rashin barci, me ya rage? Abin da bincike ya fi tabbatarwa shi ne wanda hankali bai fi karkata gare shi ba: motsa jiki. A 2024 ƙungiyar likitocin cutar daji ta Amurka, wato ASCO, ta sabunta ƙa'idojinta kan wannan gajiya, ta sa motsa jiki a sahun gaba, tare da zaman ba da shawara da ke taimaka wa majinyaci sarrafa tunani da damuwa. Ta kuma ja kunnen likitoci kan rubuta ƙwayoyin hana barci ko na ƙarin kuzari domin gajiyar, saboda ba a ga amfaninsu ba. Tun a 2019 wani kwamitin ƙwararru da Kwalejin Likitancin Wasanni ta Amurka ta tara ya ba da ma'auni: minti talatin na matsakaicin motsi, sau uku a mako, na rage gajiyar. Hikimar a fili take. Kwanciya na zaizaye tsoka, raunin tsoka na sa ƙaramin aiki ya zama babba, sai a ƙara kwanciya.

Wannan ya ci karo da yadda muke jinya. A wajenmu ƙauna ita ce a shimfiɗa wa mara lafiya tabarma a hana shi ɗaga ko tsinke. Ba kuma ana nufin mace ta shiga gidan motsa jiki ko ta sayi takalmin gudu ba. Zagaya tsakar gida na minti biyar ko goma bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi, a sake bayan la'asar, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, ya wadatar a matsayin mafari, ko ga matar da ba ta fita. Ma'aunin shi ne ta iya magana tana tafiyar. Sai dai wadda cutar ta taɓa mata ƙashi, ko jininta ya yi ƙasa sosai, ko take zazzaɓi, ko paclitaxel ya sa tafin ƙafarta ya dushe har ba ta jin ƙasa sosai, sai ta nemi izinin likita tukuna. Barcin rana kuma gajere ya fi, kada ya kai sa'a guda, don kada ya cinye na dare.

Abin takaici, a gidaje da yawa an juya lamarin: ana hana ta tafiyar da za ta amfane ta, ana kuma bar mata aikin da ke ƙarar da ita. Sankarar mama a Najeriya ta fi kama mata da sauran ƙuruciyarsu idan aka kwatanta da Turai, da yawa 'yan shekara arba'in da wani abu, masu 'ya'ya a makaranta, masu sana'ar da gida ya dogara da ita. Girki, wanki, ɗiban ruwa da raino ba su san an sa magani ba. A gidan da ake da abokiyar zama, mace kan tashi ta karɓi girkinta da jiri a kanta don kada a ce ta gaza. Tunda gashin da ya zube ɗankwali ya rufe shi, tabon tiyata kuma riga ta rufe, gajiyar ba ta da shaidar da za a gani, sai a fara raɗe-raɗin son jiki. Ita kuwa gajiyar tana da jadawali da za a iya shiri a kansa: kwanakin farko bayan magani su ne mafi nauyi, mako na biyu na taka-tsantsan ne, mako na uku ƙarfi kan ɗan dawo. Iyalin da suka riƙe wannan za su san ranakun da 'yar'uwa za ta zo ta kwana, da ranakun da majinyaciya za ta iya zama a shagonta. Ita ma ta ware abin da sai ita, ta yi shi a lokacin da ta fi jin ƙarfi, a zaune in zai yiwu, sauran ta saki.

Dubiya ma na buƙatar gyara. Zumunci ne, lada ne, amma ɗaki cike da baƙi daga hantsi zuwa magariba, kowa sai an tashi an gaisa da shi, wani da tari wani da mura, nauyi ne a kan wadda garkuwar jikinta ta yi ƙasa. Kusan kowane mai dubiya kuma da nasa maganin: wannan saiwa, wancan garin ganye, wata kuma ruwan da aka yi wa tofi haɗe da jiƙo. Wasu tsirrai na wahalar da hanta da ƙoda, waɗanda su ne ke tace kemo daga jiki. Mafi ƙarancin abin da ya kamata shi ne a nuna wa likita duk abin da ake sha. Wanda ke son taimakawa, ya ɗauki yara zuwa makaranta, ko ya biya kuɗin mota, ko ya ba da jini.

Batun abinci bai buƙatar tsada. Kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida ya fi babban kwano sau biyu. Wake, alale, ƙwai dafaffe, kifi, kunun gyaɗa, miyar ganye da ruwa mai tsabta da yawa sun isa su riƙe jiki. Nonon da ba a tafasa ba, da ɗanyen ganye ko 'ya'yan itacen da ba a wanke da kyau ba, a dakata da su a makon da jini ke ƙasa. Idan azumi ya riski mace a tsakiyar magani, malamai sun yi ittifaƙi cewa mara lafiya na da rangwamen ajiyewa ya rama daga baya, kuma zai fi sauƙi a gare ta idan mijinta ko malamin unguwa ne ya fara faɗa mata haka.

Duk wannan na wuyan iyali. Akwai kuma na hukuma. Ba za a ce gwamnati ba ta motsa ba a 'yan shekarun nan. A 2019 aka ƙaddamar da shirin rage farashin wasu magungunan kemo a zaɓaɓɓun asibitoci. A 2021 Asusun Tallafa wa Masu Cutar Daji ya fara aiki domin marasa ƙarfi masu sankarar mama, ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza, a asibitoci shida, ɗaya a kowace shiyya: Zariya, Gombe, Abuja, Ibadan, Benin da Inugu. A 2022 aka sa hannu kan dokar da ta wajabta inshorar lafiya, a 2023 kuma Cibiyar Bincike da Magance Cutar Daji ta Ƙasa, wato NICRAT, ta kama aiki. A 2025 an buɗe sabbin cibiyoyin kula da cutar a Katsina da Inugu da Benin. Ci gaba ne na gaske. Amma gini da na'ura su ne ake yanke wa kyalle a ɗauki hoto. Abubuwan da ke riƙe mace a kan magani ƙanana ne: gwajin jini kafin kowane zagaye, maganin amai mai inganci irin ondansetron, allurar filgrastim, jini a ma'ajiya, da lambar wayar da za a kira da dare a samu mai ɗauka. Magungunan nan biyu suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. A ƙasar da sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin kula da lafiya daga aljihun jama'a yake fitowa, iyalin da suka sayar da gona ko shanu suka sayi kemo, waɗannan ne abubuwan da suke fara tsallakewa. Tsimin da ke jawo a watsar da maganin gaba ɗaya ke nan.

Tafiya ma wani ɓangare ne na gajiyar. Matar da ke zuwa Gombe daga wani ƙauye a Taraba ko Yobe, ko Zariya daga Zamfara, takan shafe sa'o'i a motar haya, ta kwana a barandar asibiti ko gidan wani ɗan'uwa, a ɗebi jininta yau, a sa magani gobe, ta kama hanya jibi daidai lokacin da amai ke tasowa. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin wannan tafiya ya ninka, kuma mutum biyu ake biya wa, domin ba ta iya zuwa ita kaɗai. Ba kowane asibiti ne zai iya haɗa kemo ba, amma babban asibitin jiha na iya yin gwajin jini, ya aika sakamakon ta waya, ya kuma karɓi majinyaciya idan zazzaɓi ya taso, muddin an horar da ma'aikatansa an haɗa su da cibiyar da ke ba da maganin. Da ƙarancin likitocin da ƙaura zuwa ƙasashen waje ta haifar, ma'aikatan jinya, likitocin fisiyo da masana abinci su ne za su ɗauki mafi yawan wannan aiki, kuma ya kamata a riƙa lissafa su a duk lokacin da ake tsara sabuwar cibiya.

Dokar ƙwadago ma ta kwana biyu ba a duba ta ta wannan fuska ba. Sashe na 16 ya ba ma'aikaci damar hutun rashin lafiya da albashi na kwanakin aiki goma sha biyu a shekara, da shaidar likita. Mai zagaye takwas, idan kwana biyu kawai take ɓatawa a kowane zagaye, ɗaya na gwaji ɗaya na magani, ta ci kwana goma sha shida tun ba a lissafa ko yini ɗaya na kwanciya ba. Ma'aikatan gwamnati na da nasu ƙa'idojin dabam, amma malamar makaranta mai zaman kanta ko mai aiki a kanti sai abin da mai gida ya ga dama. Mafi yawan mata ma ba su ƙarƙashin kowace doka, domin sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a ƙasar nan a sana'o'in da ba su da rajista suke. Mai ƙosai da ta kasa tashi da asuba, ranar ba ciniki, kuma daga cinikin ne ake tara kuɗin zagaye na gaba.

Ranar da aka cire allurar ƙarshe, dangi kan yi hamdala, wasu har da walima, washegari a miƙa wa mace tukunyarta da tsintsiyarta. Jiki bai san da wannan lissafi ba. Da yawa na da sauran tiyata ko gashin na'ura na makonni a gaba, wanda shi ma yana da tasa gajiyar, wasu kuma za su shiga shan ƙwayoyi irin tamoxifen na shekara biyar ko fiye. Ga akasari, ƙarfi kan dawo a hankali cikin watanni shida zuwa shekara. Binciken da aka yi a kan waɗanda suka warke ya nuna cewa tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ci gaba da fama da gajiyar shekaru bayan an gama magani. Irin waɗannan ana so a sake duba musu jini, da sukari, da zuciya, da aikin halittar maƙogwaro da ake kira tayirod, a kuma tambaye su barci da damuwa, a duk lokacin da suka koma ganin likita.